Sanda Mai Lamba 9



A kudancin jihar Fulorida ta Amurka, inda na shekara shida ina aikin jinya, akwai wata irin fatsa da ba a sa mata tana, ba a kuma ɗaura mata dalma. Turawa suna kiranta fulai, wato ƙuda, domin asalinta a koguna ake yinta da abin da ya yi kama da ƙwarin da kifi ke cafkewa a saman ruwa. A teku kuwa, abin da ake naɗawa jikin ƙugiya gashin tsuntsu ne da na dabba da zare, a siffanta shi kamar jatan lande ko ƙaguwa ko ɗan ƙaramin kifi. Zan riƙa kiransa ƙwaron gashi. Na fara koyon wannan fatsa da sandar aro ta wani abokin aikina, har ranar da ya koma wata jiha ya tafi da abarsa. Daga nan ya zama dole in sayi tawa. Abin da na iya warewa bayan kuɗin haya da abin da nake aikawa gida duk wata dala 600 ne, kuma a cikinsu za a fitar da sanda, da kwarkwaron naɗe igiya, da igiyar kanta. Sanda ɗaya tak kuɗin za su iya saya, don haka zaɓen ya ɗauke ni wata biyu.

Kafin maganar zaɓe, sai an fahimci abin da sandar take jefawa. A Yawuri inda na taso, idan yaro ya wurga fatsa, nauyin dalma ne yake tafiya gaba, zare yana binsa a baya. A nan abin a juye yake. Ƙwaron gashi ba shi da nauyin da zai kai kansa ko'ina. Ka wurga shi da hannu, a gaban ƙafarka zai faɗi. Igiyar ce mai nauyi. Kauri gare ta, an lulluɓe ta da roba, ita ake kaɗawa baya da gaba a cikin iska kamar bulala har ta miƙe, sai ta ja ƙwaron ta kai shi inda ake so. Tsakanin igiyar da ƙwaron akwai siririn zaren roba mai tsawon kamar mita uku, wanda kifi ba ya gani sosai. Aikin sanda shi ne ta lanƙwasa da nauyin igiyar sannan ta miƙe ta harba ta. Saboda haka kowace sanda an ƙera ta ne don igiya mai wani nauyi na musamman.

Wannan nauyin shi ne lambar da ake rubutawa a gindin kowace sanda. Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan kamun kifi a Amurka suka daidaita a kan ma'auni ɗaya: a auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya, wato kimanin mita 9. Igiya mai lamba 8 tana da nauyin giram 13 da rabi a wannan tsawon, lamba 9 giram 15 da rabi, lamba 10 giram 18, lamba 12 kuma kusan giram 25. In ka duba, abin da ke tsakanin 8 da 9 giram biyu ne kacal. Amma idan ka yi ta kaɗa shi sau ɗari uku a yini cikin iska, kafaɗarka za ta gaya maka bambancin.

Masu fatsar kogi suna yawo da lamba 4 ko 5. A teku ana farawa ne daga 7 ko 8. Lamba 8 ita ce aka fi sayarwa, ita ce ta kifin da ake kira bonfish, wani siririn kifi mai launin azurfa da ke kiwo a ruwan da bai wuce gwiwa ba, da kuma jan kifi da sunuk. Lamba 9 da 10 su ne na famit, kifi mai faɗi kamar faranti wanda ƙaguwa ce abincinsa, kuma ƙwaron da ake yi masa yana da ɗan nauyi. Lamba 11 da 12 na babban tarfon ne, wanda yakan kai girman mutum. Wannan kifin har a gaɓar Afirka ta Yamma akwai shi, kuma mafi girma da aka yi wa rajista, mai nauyin kilo 130, a Gini Bisau aka kama shi a 2003. Tsawon sanda kuwa ba a cika gardama a kansa ba: ƙafa 9 ne, wato mita biyu da santimita 74, kusan kowa a kansa yake.

Duk wanda ya shiga kantin kayan fatsa, hoton tarfon zai fara gani a bango, ya yi tsalle sama yana girgiza kai, kuma zuciya takan raya wa mutum ya sayi sandar wannan kifin. Ni ma ta raya min. Sai na zauna na lissafa ranakun da nake samu. Hutuna kwana biyu ne a mako, kuma ba kowane mako nake fita ba. Manyan tarfon suna wucewa ta tsibiran Keys ne daga Afrilu zuwa Yuni, kuma binsu sai da kwalekwale da jagora, wanda kuɗinsa na yini ɗaya ya fi duk abin da na ware wa sandar. Inda ƙafata take kai ni a sauran watanni shi ne gaɓar Biscayne da ke kudu da Miyami, da wasu wurare marasa zurfi a hanyar Islamorada, inda mutum zai ajiye mota ya shiga ruwa da ƙafa. Kifin da ke can bonfish ne, da sunuk a gindin itatuwan bakin teku, da ƙananan tarfon, wani lokaci a yi sa'ar famit. Daidai ruwa daidai tsaki. Lamba 12 ta fita daga lissafi, saura 8, 9 da 10.

Abin da ya raba gardama tsakanin ukun nan iska ce. Wanda bai taɓa tsayawa a irin wannan ruwa ba zai ɗauka ƙarfin kifi ne babbar matsala. A gaskiya kafin ka kai ga ja-in-ja da kifi sai ka fara kai masa ƙwaron, kuma a fili kake, babu bishiya babu tudu, iskar gabas tana bugowa daga teku kai tsaye. Wannan fatsa ta gani ce. Ba a jefawa a zauna jira. Za ka tsaya kana leƙen ruwa har ka hango inuwar kifi ko jelarsa ta fito waje yana tonon ƙasa. Idan da jagora, yana tsaye a bayan kwalekwale yana tura shi da doguwar gwangwala, sai ya faɗa maka wurin da lissafin agogo, goshin jirgi shi ne ƙarfe 12: "Ƙarfe 11, ƙafa 50, yana tafiya hagu." Daƙiƙa biyar ko shida gare ka. Kaɗawa biyu, ta uku ka saki. Idan ƙwaron ya faɗo a kansa ya firgita ya gudu, idan ya faɗi nesa bai gani ba. A ranar da babu iska lamba 8 ta fi daɗi, tana sauke ƙwaro a hankali. A ranar da iska ta tashi, igiyar da ta fi nauyi ita ke ratsa ta. Ni kuma ba ni ke zaɓen ranar hutuna ba, jadawalin asibiti ne ke zaɓa min, ko da iska ko babu.

Bayan lamba sai taurin sanda. Akwai wadda kanta kawai ke lanƙwasawa, gindin yana tsaye ƙyam, ana ce mata mai sauri. Akwai wadda take lanƙwasawa har tsakiya, ana ce mata matsakaiciya. Wannan ya samo asali daga abin da ake ƙera su da shi. Da can da gorar ƙasar Sin ake yi, a tsaga ta a haɗa tsagi shida da gam. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma faiba, mai laushi da juriya amma da nauyi. A 1973 kamfanin Fenwick ya fito da sandar girafait, kuma daga nan kusan duk sandunan teku suka koma girafait, saboda ga tauri ga rashin nauyi. Sandar lamba 9 ta yanzu ba ta kai nauyin wayar da ke hannunka ba. Mai sauri tana harba igiya a matse, ta huda iska, amma ba ta yafe kuskure: idan ka yi jinkirin ƙiftawar ido, igiyar za ta zube. Kuma ba ta nuna ƙarfinta sai ga wanda ya iya abin da ake kira ja biyu, wato ya fizgi igiyar da hannun hagu a kaɗawar baya, ya sake fizga a ta gaba. Marigayi Lefty Kreh, wanda ya rasu a 2018, kuma ƙwaron da ya ƙirƙira har kan sarki na Amurka ya hau a 1991, ya shafe rayuwarsa yana koya wa mutane su yi jifa da dukkan jiki maimakon wuyan hannu kaɗai. Wanda bai kai wannan matakin ba, sanda mafi tauri a kanti za ta zame masa kamar muciya.

Babu yadda za a san wannan daga takarda ko bidiyo. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kantin da na je, wani dattijo ne yake tsaronsa, fatar hannunsa duk rana ta ƙone ta. Ya ɗauko sanduna biyar, ya ɗaura wa kowace igiya, ya kai ni filin ciyawa a bayan kantin. Ya ajiye murfin bokiti a taku 12, wani a taku 18, sannan ya juya ni na fuskanci iska. Ya ce kada in nemi nisa, kowa yana zuwa nan ya yi ta ƙoƙarin zare igiya duka, alhali mafi yawan kifin da zai kama tsakanin murfin nan biyu suke. Ya kuma juya rubutun sandunan ƙasa don kada in ga suna ko farashi.

Na yi kusan awa ɗaya a filin. Lamba 10 ta ratsa iska kamar babu ita, amma bayan minti goma kafaɗata ta dama, wadda ɗaga marasa lafiya ya riga ya gajiyar, ta fara zafi. Lamba 8 ta yi min sauƙi ƙwarai, sai dai duk lokacin da iska ta buso, ƙarshen zaren yakan dawo ya tattare. Sanduna uku ne masu lamba 9. Ɗaya ta yi min tauri a murfin kusa, ba na jin lanƙwasarta sai na fitar da igiya mai yawa, kuma kifin da ya ɓullo a taku 10 ba zai jira ka ba. Sauran biyun duk sun kai ni murfin. Da dattijon ya juya su, ɗaya farashinta ya haura dala 1,000, ɗaya kuma bai kai 300 ba.

Ba zan ce babu bambanci ba. Mai tsadar ta fi sauƙi a hannu, kuma idan ta miƙe kanta yana tsayawa cak ba ya rawa. Ƙwararren da yake kwana 200 a ruwa duk shekara zai ci amfanin wannan. Amma ratar dala 700 kuɗin makarantar ƙanwata ne, kuma a hannuna ni, a filin nan, ba ta ƙara min ko taku ɗaya ba. Dattijon bai matsa min ba. Abin da ya ce kawai shi ne kada in yi rowa a igiya, in kuma biya malami ya duba jifana ko da sau biyu ne.

Kafin in biya, sai da muka bi jikin sandar gaɓa-gaɓa, domin gishiri ba ya barin ƙarfe. Mazaunin kwarkwaro ya kamata ya zama alminiyom da aka yi wa rufin hana tsatsa, babu katako a jikinsa irin na sandunan kogi, kuma da zobba biyu masu ɗaurewa don kada ya kwance ana cikin ja. Zobban da igiya ke bi su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, na farkon kuma ya zama mai faɗi, saboda idan bonfish ya ji ƙugiya, igiyar da ke zube a ƙafarka tana tashi da gudu, wani lokaci da ƙulli a jiki. Mariƙin na ɓawon itace ne, ya cika tafin hannu, da wurin ɗora babban yatsa. A can gindi akwai ɗan dunƙule da ake tokarawa a ciki idan kifi ya ja. Sandar gaɓa huɗu ce, tana shiga kwano mai tsawon da bai kai mita ɗaya ba, ana shiga jirgin sama da ita. Na tambayi sharaɗin gyara, domin girafait duk ƙarfinta tana da gautsi. Ƙwaro mai idon dalma idan ya doke ta a cikin jifa yakan bar tabon da ba a gani, ranar da ta ji nauyi ta karye a wurin. Ƙofar mota ma ta karya sanduna da yawa.

Igiyar na ɗauki ta ƙasashen zafi, mai tauri a ciki, domin wadda aka yi wa ruwan sanyi idan ta sha ranar Fulorida laushi take yi ta riƙa cukurkuɗewa. Akwai kuma abin lura: kamfanoni da yawa yanzu suna ƙara wa igiya nauyi fiye da lambar da ke kan kwalinta, don haka a gwada sanda da irin igiyar da za a yi aiki da ita. Kwarkwaron na zaɓi mai rufaffen birki wanda yashi da gishiri ba sa shiga, na cika shi da zaren ajiya mita 200, tunda bonfish a gudunsa na farko yakan ja mita 100. Da aka haɗa lissafi, na fito da ragowar da ta isa darasi biyu.

Akwai wani abu da lambar sanda take ɗora wa mai ita, wanda ba a rubuta shi a kwali. Tun 2013 dokar Fulorida ta ce bonfish da tarfon kamawa ake yi a saki, kuma tarfon da ya wuce inci 40, wato kimanin mita ɗaya, ba a ma fitar da shi daga ruwa. Tunda sakinsa za a yi, abin da ya rage shi ne a wane hali za a sake shi. Kifin da aka daɗe ana ja, musamman a ruwa mai ɗumi, ƙarfinsa yana ƙarewa ƙaf, kuma manyan kifayen shak suna bin ayarin tarfon a wannan lokaci, suna jiran wanda ya galabaita. Babbar sanda tana ba ka damar gama ja da wuri ka sake shi da sauran ƙarfinsa. Ƙaramar sanda tana mai da abin ya zama na awa biyu, kuma sau da yawa kifin da aka yi wa haka, ko ya tafi, bai tsira ba.

A watan Mayun bara ina tsaye a ruwa iya cinya, a gefen wata kwarin ruwa mai ɗan zurfi, sai ga tarfon guda shida sun taho a jere, bayansu baƙi-baƙi, kowane ya kusa tsayina. Ba su fi taku 15 da ni ba, iska tana bayana, ƙwaron da ke hannuna kuma irin wanda suke ci ne. Jifan da na fi iyawa ke nan. Hannuna har rawa yake yi. Na riƙe ƙwaron tsakanin yatsu ina kallo har na ƙarshensu ya wuce. Lamba 9 za ta iya sa masa ƙugiya, za ta ba ni tsallen nan na jikin bango, amma ba za ta iya kawo shi da wuri ba, ni kuma ina ƙasa, babu jirgin da zan bi shi. Na san wannan tun ranar da na zaɓe ta a filin ciyawa. Ban ji daɗi ba, kuma har na isa gida ban kunna rediyon mota ba.

A daren na kira kawuna a Yawuri. Basarke ne, ya fi shekara 50 yana su a Kwara, kuma tun da na fara wannan fatsa yake min dariya. Na ba shi labari. Ya ce, "Yanzu kai ɗan nan, ka sayi sanda da kuɗin saniya, ka kama kifi ka sake shi, yau kuma ka ga kifi ka ƙi jefawa?" Na ce, "Haka ne, Kawu, sandar ce ba tasa ba." Ya yi dariya har da tari. Can ya yi shiru, sai ya ce ai shi ma ba ya sa wa giwan ruwa ƙugiyar ƙarfasa, domin zai tsinke ya tafi da ƙarfe a baki, kai ba ka ci ba, shi bai huta ba. Sannan ya tambaye ni ko ina wanke sandar. Na ce duk dawowa sai na raba gaɓoɓinta na ɗauraye su da ruwan famfo, na goge zobban, na bar ta ta bushe a inuwa kafin in mayar kwano. Ya ce to madalla, ko ba komai na iya riƙon kaya.

Shekara biyu ke nan sandar tana hannuna. Ta kama bonfish goma sha ɗaya, sunuk da ban ƙirga ba, da ƙananan tarfon uku. Famit kuwa har yau kallona kawai suke yi su wuce. Ina ajiye ɗan abin da ya samu don yini ɗaya da jagora a Mayu mai zuwa. Na riga na tambaya, an ce a jirginsa akwai lamba 12, kuma aro yake bayarwa.